"Ya zo" ko "ta zo": da wa ake a sanarwar kasuwa?

Duk lokacin da aka kawo mana sanarwa a gidan rediyo cewa "kowane ɗan kasuwa ya zo taro", mukan dakata kafin mu karanta. To, mata masu sayar da kifi da ƙuli-ƙuli daga Karakara har Gaya fa? Wasu da sun ji "ya zo" sai su ɗauka ba da su ake ba, a yanke maganar rumfa da haraji ba sa nan.

Hausa ba ta ɓoye mutum: ko kai ko ke, ko shi ko ita. Maƙwabtanmu Zabarmawa da Dandawa ba ruwansu da wannan, kalmar "a" ɗaya ta ishe su ga mace da namiji. Shi ya sa Bazabarme sabon koyo yakan ce wa Hajiya "ka zo", a yi ta dariya.

Ingilishin da muke ji in mun tsallaka Kamba shi ma yana raba "he" da "she". Masu shi sun ƙago sababbin kalmomi irin su "ze", amma ba su zauna a bakin jama'a ba. Wadda ta karɓu ita ce tsohuwar "they", wato "su", har ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka ya zaɓe ta kalmar shekarar 2019.

Mu kuwa ba sai mun ƙago komai ba. "A zo taro", "ku zo da kuɗin rumfa", duk sun haɗa Alhaji da Hajiya. Shugabannin kasuwa, don Allah ku riƙa rubuto mana haka. In kun manta, za mu gyara kafin mu karanta.