Kakanka Ba Shi Da Takarda, Jikanka Ma Haka Za Ka Bar Shi?

Na gaji da jin wannan magana: wai mu ba ma buƙatar takardar haihuwa ko ta mutuwa, tsofaffi sun haddace asalinmu. To, tsofaffin nan dawwama za su yi? Tambayi saurayin yau sunan kakan kakansa, ka ga yadda zai yi zuru. Ta wajen mata abin ya fi muni, domin alkunya ta ɓoye sunayen yanka. An san Goggo, an san Inna, amma ranar rabon gado sai a rasa mai faɗin sunanta na gaskiya, balle garin da aka auro ta.

Haddar ma tana da son zuciya. Kowane gida daga sarauta ko malanta ya fito, ba ka taɓa jin wanda ya ce kakansa ɗan dako ne. Mun kuma ƙara da rantsuwar shekaru a kotu: mutum ɗaya, ranar haihuwa uku, biyu daga ciki 1 ga Janairu. Gobe jikansa da wacce zai kama? Gobara da gara su ma sun ci nasu rabon daga 'yan takardun da ake da su.

Mai neman asali ya fara da dattijuwar gidan tun tana da rai, ya ɗauki muryarta a waya. In ba ta san shekara ba, ta san abin da ya faru: zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, komawa tuƙin hannun dama a 1972, fitowar naira a 1973. Daga nan sai a buɗe adaka. Rasit ɗin haraji da na jangali, fasfon aikin hajji, takardar gona, hukuncin alƙali kan gado, duk shaida ne. A nemi rajistar makaranta, amma a lura cewa da sunan gari ake rubuta ɗalibai da yawa, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari, don haka sunan uba kan ɓace. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana riƙe da fayilolin larduna na zamanin Turawa.

Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a Najeriya, ta hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Don Allah, kafin a yanka ragon suna a tanadi zuwa rajista, kuma a rubuta cikakken sunan uwa.