Kafin Ka Shigo da Karen Tsintuwa Cikin Gida

A yawancin garuruwanmu kare ba ya shiga gida ta hanyar ciniki. Yara ne ke dawowa daga yawo da ɗan kwikwiyo a rungume, ko kuma maigida ya ga wata karya rama ta cinye ta, kwana uku tana laɓe ƙarƙashin motarsa, tausayi ya kama shi ya ce a jiƙa mata ƙanzo. Daga nan zama ya kama. A Ingila abin yana da tsari. Gidan karnuka na Battersea da ke Landan, wanda asalinsa ya koma 1860 lokacin da wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe shi, yana ba mutane kare riƙo na ɗan lokaci, ya koyi zama da mutane kafin a sama masa uban gida na dindindin. Mu irin waɗannan gidaje ba su yawaita a wajenmu ba, amma riƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma duk wanda ya taɓa ganin ɗan riƙo ya san kwanakin farko su ne masu wuya. Karen da aka tsinto yana bukatar a ware shi, a ba shi lokaci, kafin a haɗa shi da mutanen gida. Gaggawar da tausayi ke jawowa ita ce take kai yaro asibiti, ta kuma sa a taru a kashe karen da aka ce an ceta.

Dalili na farko shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kashi 99 cikin ɗari na masu kamuwa daga kare suke samunsa. Wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato daidai waɗanda suka fi ɗokin ɗaukar kwikwiyo. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, ƙwayar cutar takan kwanta a jikin dabba makonni ko watanni ba tare da wata alama ba. Kare yana iya kaɗa wutsiya, yana cin abinci, yana wasa, alhali wani mahaukacin kare ya cije shi a bola tun kafin ka gan shi. Kuma ba kowane mai cutar ne ke fita yana cizon jama'a ba. Wani lafewa yake yi, muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana dalala, har mai tausayi ya sa hannu a bakinsa yana zaton ƙashi ne ya maƙale. Ingila ta shafe shekaru masu yawa tana killace duk karen da ya shigo ƙasar har wata shida, sai a shekarar 2000 ta fara sassautawa. Ba tsanar karnuka ta sa su haka ba, sanin halin cutar ne. Don haka ranar da kare ya shigo, ko washegari, likitan dabbobi ya kamata ya gan shi, ya yi masa allurar rigakafi idan ya kai wata uku, ya ba da kati. A Najeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin wannan allura. Sai dai allurar tana kare lafiyayye ne, ba ta warkar da wanda cutar ta riga ta yi nisa a jikinsa, shi ya sa ba ta ɗauke wajibcin sa ido. Idan kuwa aka yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya jiran ganin ko karen zai haukace, kada kuma a tsaya neman gashinsa don a ƙona a shafa. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi.

Warewar ba ta bukatar gini. Wani lungu mai inuwa a bayan gida ko gefen zaure ya isa, a kewaye shi, a shimfiɗa tsohon buhu, a ajiye kwanon ruwa da na abinci waɗanda ba za su koma madafi ba. Babban mutum ɗaya ne zai riƙa kula da shi, ba yara ba. A nan ne za a rabu da kaska da ƙuma da tsutsar ciki, da maganin da likita ya ba da. Masu yi wa kare wanka da fiya-fiya sukan kashe kaskar su haɗa da mai ita. Karen da ya daɗe da yunwa kaɗan-kaɗan ake ba shi, sau uku ko huɗu a yini, don cikinsa ba zai ɗauki tulin abinci lokaci guda ba. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, kuma miyarmu ba ta rabuwa da albasa. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soki hanji. Maganin ciwon jiki na mutane kuwa guba ne a gare shi.

Dalili na biyu ya fi na farko wuyar ganewa, domin tsoro ne, kuma mutane sukan ɗauki tsoron kare a matsayin mugunta. Karen titi ya san mutum ne ta hanyar jifa. Hannun da aka ɗaga a samansa, a saninsa, dutse ne ke biye. Dube shi a ranar farko: wutsiya a matse tsakanin cinyoyi, kunnuwa a kwance, yana lasar leɓe ba tare da ya ci komai ba, yana hamma ba barci yake ji ba, ya kawar da kai amma farin idonsa yana kanka. Duk wannan roƙo ne a ba shi wuri. Idan ba a ji ba sai ya sandare, sannan ya yi gurnani, sannan haƙori. Wanda ya doki kare don ya yi gurnani bai cire masa tsoro ba, gargaɗin kawai ya cire, gobe cizon zai zo ba sallama. Abin da ke aiki yana da ban haushi saboda sauƙinsa: ka zauna nesa kaɗan, ka ba shi gefenka, kada ka zuba masa ido, ka jefa masa loma, ka bari shi ya tako da ƙafarsa. Abinci a lokaci guda kullum, fita a lokaci guda kullum. Ana fitar da shi wurin da ake so ya yi kashi da fitsari da zarar ya tashi daga barci da kuma bayan ya ci, a yaba masa a take idan ya yi a wurin. Wanda aka turmuza wa hanci a cikin ƙazantarsa ba tsafta yake koya ba, ɓuya yake koya, sai a riƙa tsintar abin a bayan randa. Masu aikin riƙon karnuka suna da wani lissafi da suke faɗa wa sabon shiga, wai kwana uku na ruɗewa, mako uku na gane tsarin gida, wata uku na sakin jiki. Ba ma'auni ba ne na kimiyya, wani karen ya fi haka sauri, wani ya ninka, amma yana hana mutum yanke hukunci a kwana na biyu.

Wani zai ce shi gadi yake so, kuma karen da ya saba da mutane ba ya gadi, gara a ɗaure shi a sarƙa ya yi zafi. Wannan magana ta yaɗu, amma ba ta da ƙarfi. Wani bincike da aka yi a birnin Denver na Amurka, aka buga a 1994, ya gano cewa karnukan da ake ɗaurewa sun fi sauran yin cizo kusan ninki uku. Dalilin a fili yake: dabbar da ba ta da hanyar gudu faɗa kawai ya rage mata. Kuma wa ke kusantar karen da ke turke da rana tsaka? Ba ɓarawo ba ne, ɗan gida ne mai rarrafe, ko almajirin da ya shigo karɓar saura. Amfanin karen gadi yana cikin iya bambance na gida da baƙo, ya yi haushi ya tashi mutane. Wanda bai san kowa ba sai sarƙa, kowa baƙo ne a wurinsa.

Akwai kuma maganar addini, kuma ba abin wasa ba ce. Hadisai sun zo da ragin lada ga mai ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, sun kuma zo da cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake. Saboda haka ba wanda ke cewa Bahaushe ya kwaikwayi Bature ya hau da kare kan gado. Gidanmu yana da zaure da tsakar gida da bayan ɗaki, kuma kare yana iya zama ɗan gida sosai ba tare da ya taka tabarmar salla ba. Ya fi sauƙi a koya masa iyakarsa tun makon farko, kowa a gidan ya tsaya a kan magana ɗaya. A mazhabar Malikiyya da muke bi jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke kwanon da ya lasa sau bakwai bin umarni ne. Masu sharhin Risala ma suna ba da labarin cewa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana jin tsoro a kan ransa. Ga kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ajiyewa ba, riƙon wucin gadi ya fi dacewa da shi: ya yi jinya, ya yi rigakafi, ya miƙa wa manomi ko makiyayi ko maharbin da ke bukata.

Wajen miƙawar ne ake yawan cin amana. Mai bayarwa yana so ya rabu da nauyi, sai ya ɓoye cewa karen yana kai hari idan an taɓa kwanonsa, ko yana bin kaji, ko ya taɓa cafkar wani. Wanda ya karɓa a makance zai gane da jinin ɗansa, karen kuma ya koma titi ya fi da tsoron mutane. A haɗa shi da katin allurarsa, a faɗi ranar da za a maimaita ta, a faɗi abin da yake tsoro da abin da ya saba ci, a kuma ba da tsohon buhun da yake kwana a kai, domin warin da ya sani shi zai sa ya kwanta a daren farko a sabon gida.