Yadda Ake Kafa Modem Na Akwatin Awon Gona

Manoman auduga da magatakardan ƙungiyoyi, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, gama maganar da ke ciki ta shafi bashin taki, ta shafi iyakar gona, ta kuma shafi ran mutum.

Abin da ya sa ake awo

Tun zamanin kamfanin CFDT, wanda ya yaɗa noman auduga a arewacin Kamaru daga wajen 1950, har Sodecoton ta gaje shi a 1974, da igiya aka saba auna gonar auduga. Mita 50 tsawo, mita 50 faɗi, shi ne rubu'in hekta, watau murabba'in mita 2,500. Bisa wannan awo ake ba manomi taki da maganin feshi bashi, a cire kuɗin ranar cinikin auduga.

To, igiya takan miƙe, takan tsinke a ƙulla, gona kuwa ba kullum take da kusurwa huɗu ba. A ce gonar mutum mita 47 ce kowane gefe, aka rubuta masa rubu'i cikakke. Gonarsa murabba'in mita 2,209 ce kurum, ya ɗauki bashin ƙasar da ba shi da ita. In ya kasa biya, 'yan ƙungiyarsa da suka tsaya masa su ne za su biya. In kuwa mita 53 ce kowane gefe, ta zama 2,809, takin da aka ba shi ba zai ishe ta ba. Duka biyu hasara ce.

Taurarin ɗan'adam

Yanzu akwai akwatin da ke auna ƙasa da taimakon taurarin ɗan'adam. Na Amurka ana kiransu GPS. An harba na farko a 1978, aikinsu ya kammala a 1995. Suna can sama wajen kilomita 20,200, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a yini da kwana. Rasha tana da nata, GLONASS, Turai tana da Galileo, Sin kuma tana da BeiDou. In akwati ya ji saƙon taurari 4 ko fiye, sai ya san inda yake.

Amma saƙon yana ratsa iskar sama kafin ya iso, iskar nan kuwa tana jinkirta shi kaɗan. Saboda haka ƙaramin akwati na hannu, ko wayar salula, yakan yi kuskuren mita 3 zuwa 5. Wannan ya isa ga matafiyi, bai isa ga iyakar gona ba.

Dabarar ita ce a yi aiki da akwati biyu. Ɗaya ana kafa shi wuri guda, a kan turken da aka riga aka san lambobinsa, muna kiransa na zaune. Ɗayan mai awo ke yawo da shi a kan sanda, muna kiransa na yawo. Tun da na zaune ya san inda yake, yana gane yawan kuskuren da ke cikin saƙon taurari, sai ya aika wa na yawo gyara kowace daƙiƙa. Da haka kuskure yakan ragu ya koma santimita 2 ko 3, faɗin yatsa biyu ke nan.

Abin da ke ɗaukar gyaran nan daga wannan akwati zuwa wancan shi ne modem. Ɗan aike ne. In ɗan aike ya kwanta a hanya, na yawo ba zai daina nuna lambobi ba, sai dai lambobin ba na gaskiya ba ne. Shi ya sa kafa modem ba aikin gaggawa ba ne.

Modem iri biyu ne. Akwai na rediyo mai eriya, wanda ke magana kai tsaye da na yawo. Akwai na layin salula, wanda ke karɓo gyara ta intanet. A ƙauyukan da waya ba ta kamawa sosai, na rediyo ya fi amfani.

Zaɓen wuri

A nemi tudu, fili sarai, inda ake ganin sama ko'ina. A guji gindin kuka ko maina ko tsamiya, a guji jikin rufin kwano da mota, domin suna tare saƙon taurari ko su karkatar da shi.

A ɗaga kai a duba wayar lantarki tun ba a fito da sandar eriya ba. In sandar mita 5 ce, a nisanci wayar da mita 10, watau ninki biyu na tsawonta, don ko ta faɗi kada ta kai. Sandar ƙarfe tana ɗaukar wuta. Baƙar sandan nan mara nauyi ta akwatin yawo ita ma tana ɗauka, ko da yake ba ta yi kama da ƙarfe ba. Babbar wayar lantarki kuwa wutarta tana iya tsallakowa tun sanda ba ta taɓa ta ba.

Kafa na rediyo

Ga yadda za a bi, kada a sa na baya gaba.

1. A kafa ƙafa uku a kan turke, a danna ƙafafun cikin ƙasa, a daidaita har kumfar ma'auni ta tsaya tsakiya. A auna tsayin akwati daga kan turke, a rubuta a littafi.

2. A ɗaura eriyar rediyo a kan sandarta, a tsai da ita sak, a ɗaure da igiya uku. A bar mita 2 ko 3 tsakaninta da akwatin zaune.

3. A duba bakin wayar eriya, a share ƙura, a murɗa shi a jikin modem da hannu har ya kama. Ba a sa filaya. Kada a lanƙwasa wayar ƙwarai, kada a bar ta inda shanu za su taka.

4. A haɗa wayar da ke tsakanin modem da akwatin zaune. Bakinta yana da alama, yawanci jan ɗigo. A sa alama ta dubi alama, a tura a hankali. In ya ƙi shiga kada a tilasta, alluran ciki sirara ne.

5. Sai bayan duk wannan a kawo wuta.

Ku riƙe wannan ƙwarai: eriya ce farko, wuta ce ƙarshe. In aka kunna modem yana aika saƙo babu eriya, ƙarfin da ya kamata ya fita sama sai ya komo ciki, yana iya ƙona shi. Wajen kwancewa kuwa sai a juya, a kashe, a cire wuta, sa'an nan a cire eriya.

Maganar batir

Modem yana aiki da batir mai bolt 12. Ƙaramin modem da ke cikin akwati ƙarfinsa wat 1 ko 2 ne. Babba na waje yakan kai wat 35, shi kuwa yana shan wuta da yawa, batirin babur ba ya riƙe shi, sai irin na mota.

Jar waya tana zuwa kan da ke da alamar +, baƙa kuma kan da ke da alamar −. A fara maƙala ja, sa'an nan baƙa. Wajen cirewa a fara da baƙa. Lalle ne a sami fis a jikin jar waya kusa da batir. Fis ɗan siririn ƙarfe ne da ke narkewa in wuta ta yi yawa, ya mutu a madadin modem. In ya ƙone a nemi dalili tukuna, sa'an nan a sa wani mai lamba iri ɗaya. Kada a maye gurbinsa da guntun waya ko takardar taba mai ƙyalli. Mai yin haka ya ceci abin dala ya sai da abin miliyan.

Batir yana fid da iska mai kama wuta, tun ba lokacin caji ba. Kada a sha taba kusa da shi, kada a ɗora sifana a kansa. Ruwan cikinsa yana cin fata da tufafi. In ya taɓa mutum a wanke da ruwa mai yawa nan da nan, in ido ne a yi ta wankewa, a tafi asibiti. In da batirin da ke jikin mota aka haɗa, a cire modem kafin a ta da mota.

Saiti

Ba kowa ke da ikon aika saƙo ta rediyo a zangon da ya ga dama ba. Zango na hukuma ne. A Kamaru hukumar ART ke ba da izini, a Cadi da Nijar kuma ARCEP. Yawancin irin wannan modem suna aiki tsakanin megahaz 410 da 470. Zangon da ke rubuce a takardar izini, shi kaɗai za a sa, da ƙarfin da aka yarda.

Abu huɗu tilas su zama ɗaya a modem na zaune da na yawo: lambar zango, faɗin zango, watau kilohaz 12.5 ko 25, saurin aika saƙo, kamar 9,600 ko 19,200, da kuma harshen da rediyon ke magana da shi. In ɗaya ya saɓa, kamar Bahaushe ne da Batupuri a kasuwa babu tafinta. Har wa yau saurin da aka sa a bakin akwati ya zama daidai da na bakin modem, kamar 38,400. Tsarin gyaran da kusan kowane akwati ke ganewa sunansa RTCM. A rubuta duk lambobin nan a takarda, a manna a cikin murfin jaka.

A fara da ƙaramin ƙarfi. In saƙo bai kai ba, a ƙara wa eriya tsayi kafin a ƙara ƙarfi, gama irin wannan saƙo yana son hanya miƙaƙƙiya, dutse da tudu suna tare shi. Ƙarfi mai yawa yana cinye batir, yana zafafa modem. Sa'ad da modem ke aiki kada kowa ya riƙe eriya, kada a tsaya dab da ita. Littafin kowane modem ya faɗi tazarar da za a bari. A ja da'ira a ƙasa mita 2 daga sanda, a hana yara shiga.

Na layin salula

A kashe akwati kafin a sa sim ko a cire shi. A fara sa sim ɗin a wayar hannu, a cire lambar sirrin da ke kulle shi, a tabbata akwai kuɗin intanet. Sa'an nan a rubuta sunan ƙofar intanet da kamfanin waya ya bayar, ana kiransa APN. A rubuta adireshin tashar gyara, da lambar ƙofarta, yawanci 2101, da sunan tashar da ta fi kusa, da sunan mai shiga, da kalmar sirri. Wannan hanya sunanta NTRIP. Gwargwadon nisan tasha, gwargwadon ƙaruwar kuskure, saboda haka a zaɓi ta kusa. Kalmar sirri ba ta kowa da kowa ba ce, sim ɗin kuma na aiki ne kaɗai.

Gwaji kafin awo

Fitilar aika saƙo a modem na zaune za ta riƙa ƙiftawa kowace daƙiƙa, ta karɓa kuma a na yawo haka. A dubi allon akwati. In ya rubuta Fix, awo ya zauna. In ya rubuta Float, bai zauna ba tukuna, a dakata. In ya rubuta Single, gyara ba ya isowa sam. Allon yana kuma nuna daɗewar gyaran ƙarshe. Daƙiƙa 1 ko 2 daidai ne, in lambar tana ta hawa, ɗan aike ya tsaya.

A je wani turke da aka san lambobinsa, a auna shi da safe, a sake aunawa da za a tashi. In ya yi daidai, aikin yini ya inganta. In saniya ta ture ƙafa uku, ko wani ya gusar da ita, duk gonakin da aka auna bayan nan iyakarsu ta gusa. A sake kafawa, a sake awonsu.

Manomi yana da iko ya ce a nuna masa allo kafin a rubuta gonarsa. Shi da maƙwabcinsa su tsaya a kan iyaka. Mai awo na kirki ba ya jin haushin wannan.

Rana, ƙura da hadari

A watan Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40 a Garwa da Marwa. A yi wa modem da batir 'yar rumfa ta zana, iska tana ratsawa. Kada a rufe modem cikin leda ko buhu yana aiki. Akwatin zaune shi kam ba a yi masa rumfa, sai ya ga sama. Da hunturu a toshe bakunan da ba a aiki da su, a share da busasshen tsumma.

Awo yakan zo daidai da farkon damina, a Mayu da Yuni, lokacin da hadari ya fi tsawa. Doguwar sanda a fili kiran aradu ce. Da ganin hadari ya haɗo, a kwance kaya tun da sauran lokaci. In aka ga walƙiya, a ƙirga. Ƙarar tsawa tana cin kilomita 1 cikin daƙiƙa 3. In an ji ta kafin a kai 30, tana cikin kilomita 10, ta yi kusa ke nan. A kwantar da sandar hannu a ƙasa, a bar sauran kaya inda suke, a shiga mota a rufe, ko ɗaki ginanne. Kada a fake a gindin itace. Sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba, sa'an nan a fito. Akwati ana sayen wani, rai kuwa ba ya kasuwa.

Abin da ya lalace kada a buɗe shi, kada a kai wa mai gyaran rediyo na kasuwa. A rubuta abin da ya faru, a kai wa shugaban yanki. Wanda bai gane wani abu a takardan nan ba, ya tambayi malamin gona na ƙauyensu ranar taron ƙungiya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raba mu da bashi da rigimar iyaka, amin.