Kada A Yanke Allon Bayan Jirgi Don Sabon Inji

Duk ma'aikacin da aiki ya taɓa kai shi ƙauyukan bakin Kwara ko Binuwai, ko tafkin Kainji wanda aka gama madatsarsa a 1968, ya san ƙananan jiragen nan na goran ruwa, watau alminiyon, waɗanda akan ɗaura wa inji a baya. Ba su da nauyi, ba su kuwa ruɓewa kamar na itace. Amma inji yakan riga jirgi tsufa. Ran da aka sayo wani, sau da yawa sai a tarar bai dace da allon baya inda ake ɗaura shi ba. Nan ne mai jirgi yakan kira mai walda, ya ce a rage allon. To, jama'a, a dakata tukuna.

Injunan ƙananan jirage galibi iri biyu ne: mai gajeriyar ƙafa, inci 15, da mai doguwa, inci 20. Masu ƙera jirgi kuwa sukan auna tsayin allon baya daidai da ɗayansu. Ƙa'ida ita ce faifan nan da ke bisa farfela ya yi daidai da gindin jirgi, ko ya ɗan sauka kaɗan. In inji ya yi sama, farfela za ta riƙa shaƙar iska, famfo ya kasa jan ruwan sanyaya inji, ya yi zafi ya lalace. In kuwa ya nutse da yawa, sai ya sha mai, ya riƙa tuntuɓe da rairayi da duwatsu.

Wanda ya yanke allo mai inci 20 don ya ɗaura gajeren inji, ya sani ya zubar da inci 5 na katangar da ke tsakaninsa da kogi, kuma a daidai wurin da nauyi ya taru: ga inji, ga tankin mai, ga matuƙi. Da ya tsaya farat ɗaya, igiyar ruwan da jirgin ya tayar za ta biyo shi ta afka ciki. Bugu da ƙari, leɓen saman allon shi ke riƙe gefuna biyu na jirgin, zafin walda kuwa yakan raunana goran ruwa a kewayen inda aka ɗinka. Saboda haka gara a mai da injin a sake wani.

Ƙara wa allo tsayi ya fi sauƙin haɗari, muddin an yi shi da kyau. Kada a ɗora guntun katako a sama kurum. Sabon allon ya sauko ya rufe tsohon ciki da waje, a ɗaure da kusoshi masu noti na ƙarfen da ba ya tsatsa, a toshe ramukan, kana a tokare shi da gindin jirgi. A guji kusoshin tagulla da katakon da aka jiƙa da maganin gara mai jan ƙarfe, gama suna cin goran ruwa sannu a hankali.

Sai maganar ƙarfi da nauyi. Injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 nauyinsa wajen kilo 40 ne, mai 40 kuwa ya kusa ninka shi. A Amurka doka ta tilasta a manna wa irin waɗannan jirage, in ba su kai ƙafa 20 ba, ɗan faifai mai nuna iyakar ƙarfin inji da nauyin kaya. In jirginku yana da shi, ku karanta, kada ku ƙetare abin da ya faɗa.

In an gama aiki, a gwada a ruwa marar zurfi, ba fasinja, da rigar ruwa a jiki, an kuma ɗaure inji da sarƙa. A lura ko allon yana lanƙwasa ko yoyo in an ba da wuta.

Akawu mai rubuta takardar sayen inji, auna allon jirgi kafin ka sa hannu. Malami kuma, ga darasin awo ga yaranka na bakin kogi. Ba a fafa gora ranar tafiya. Allah Ya kiyashe mu, amin.