Mai Rabon Ƙwallo Zai Iya Kai Ƙungiya Ga Kofin NBA?

Ranar 19 ga Yunin 1988, ana kwata ta uku a karawa ta shida ta wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka, Isiah Thomas na Detroit Pistons ya taka ƙafar Michael Cooper na Los Angeles Lakers. Idon sawunsa ya gurɗe, ya zube ƙasa yana murƙususu. Aka kama shi zuwa benci, ba a jima ba sai ga shi ya dawo fili yana ɗingishi. Da ƙafa ɗaya da rabi ya ci gaba da kutsawa cikin dogayen mutane yana jefawa tana shiga. Kafin kwatar ta ƙare ya tara maki 25, abin da ba a taɓa gani ba a kwata guda ta wasan ƙarshe. Aka tashi yana da maki 43, amma Lakers ce ta yi nasara da 103 da 102, ta kuma cinye karawa ta bakwai ta ɗauki kofin.

Masu cewa mai rabon ƙwallo ba zai iya kai ƙungiya ga kofi ba sukan kafa hujja da irin wannan dare. Ga mutum mai tsawon mita 1.85 ya yi duk abin da ɗan adam zai iya yi, kofi kuma ya tafi gidan su Kareem Abdul-Jabbar mai mita 2.18. Maganar ta daɗe tana yawo a bakin masu sharhi da masu horarwa, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai ni ina ganin rabin labarin kawai take faɗi.

Kowace ƙungiya 'yan wasa biyar take sakawa a fili. Wanda ake kira lamba ɗaya, wato mai rabon ƙwallo, shi ke ɗauko ta daga baya ya tsallako da ita, ya ɗaga yatsu ya sanar da tsarin da za a buga, ya duba wanda hannunsa ya yi zafi ya ba shi, ya lura da agogon daƙiƙa 24 da aka ba kowace ƙungiya ta yi jifa. Shi ne bakin koci a cikin fili. Galibi kuma shi ne mafi gajarta a cikin su biyar, a wasan da kwandonsa ke rataye mita 3.05 daga ƙasa. Daga nan matsalar ta samo asali.

Idan aka buɗe tarihi, masu shakka suna da abin faɗa. Daga 1991 zuwa 2014, kakar wasa 24 ke nan, sau biyu kacal mai rabon ƙwallo ya zama gwarzon wasan ƙarshe: Chauncey Billups a 2004 da Tony Parker a 2007. Sauran shekarun na su Michael Jordan ne, da Hakeem Olajuwon haifaffen Legas, da Shaquille O'Neal, da Tim Duncan, da Kobe Bryant, da LeBron James da ire-irensu. Koci Phil Jackson ya ɗauki kofi 11 a Chicago da Los Angeles ba tare da ya taɓa jingina da tauraron mai rabo ba. Su John Paxson da Ron Harper da Derek Fisher aikinsu shi ne su kawo ƙwallo, su miƙa wa manya, su koma gefe su jira.

Gwanayen wannan gurbi kuwa da yawansu sun gama wasa hannu rabbana. John Stockton ya yi kaka 19 a Utah Jazz, ya ba da ƙwallon da aka ci sau 15,806, ya ƙwace sau 3,265, ya je wasan ƙarshe a 1997 da 1998, duka biyun Jordan ya tare masa hanya. Steve Nash ya zama gwarzon kaka a 2005 da 2006, amma bai taɓa taka wasan ƙarshe ba. Allen Iverson ya zuba wa Lakers maki 48 a karawar farko ta 2001, daga nan Shaquille da Kobe suka cinye huɗun da suka biyo baya. Chris Paul ya jira har kakarsa ta 16 kafin ya kai wasan ƙarshe a 2021, Phoenix Suns ta ci karawa biyun farko, sai Giannis Antetokounmpo, ɗan Girka wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya juya akalar, ya rufe da maki 50 a karawa ta shida. Jason Kidd da Gary Payton sun sami kofi daga baya, amma sai da suka manyanta suka koma ƙarƙashin inuwar wasu.

Dalilin wannan yana cikin yadda aka tsara gasar. A cikin kaka kowace ƙungiya tana buga wasa 82, yau nan gobe can, babu mai lokacin zama ya yi wa mutum ɗaya karatun ta-natsu. Da an shiga zagayen fitar da gwani sai lamarin ya sauya: zagaye huɗu ne, kowanne sai an ci abokin karawa sau huɗu a cikin bakwai. Mako biyu cur masu horarwa suna kallon faifan mutum ɗaya, sun san hannun da ya fi so, sun san inda yake tsayawa ya yi jifa. Sai su ɗora masa dogon mai tsaro mai saurin ƙafa. Haka Miami ta yi wa Derrick Rose na Chicago a 2011, shekarar da ya zama gwarzon kaka yana ɗan shekara 22: idan wasa ya zo ƙarshe sai LeBron James ya koma kansa, Chicago ta fita da ci 4 da 1. Idan hakan bai isa ba sai su rufa masa su biyu tun daga tsakiyar fili, kuma gajere ba ya hango abokansa ta saman hannuwa huɗu. A ɗaya ɓangaren kuma shi ake farauta. Ana ta kafa shinge har sai an tilasta masa tsaron wanda ya fi shi tsawo da ƙarfi, a tura shi ƙarƙashin kwando a ci. Dogon ɗan tsakiya kuwa ko ranar da hannunsa ya yi sanyi yana nan yana tare ƙofa yana cafke abin da ya kuskure. Gajere ba shi da wannan madogara.

To, su wa suka tsallake wannan siraɗi?

Na farko Magic Johnson, mai kofi biyar tsakanin 1980 da 1988, gwarzon wasan ƙarshe sau uku. Sai dai tsawonsa mita 2.06 ne. A karawa ta shida ta 1980, da Kareem ya ji rauni, Magic mai shekara 20 ya fara wasan a gurbin ɗan tsakiya, ya ci Philadelphia maki 42. Shi dama ta saman kawuna yake kallon fili. Shai Gilgeous-Alexander ɗan Kanada, wanda a 2025 ya haɗa gwarzon kaka da sarkin maki da gwarzon wasan ƙarshe a Oklahoma City Thunder, shi ma mita 1.98 ne. Waɗannan biyu sun tabbatar da cewa gurbin kansa ba shi da laifi, amma ba su amsa tambayar gajere ba.

Wanda ya amsa ta a zamaninmu shi ne Stephen Curry, mai mita 1.88. Dokoki sun share masa hanya: an shigo da layin maki uku a 1979, sannan a 2004 aka tsananta hana mai tsaro dafa ɗan wasa da hannu yana tare shi. Amma abin da Curry ya yi da wannan dama ba a taɓa ganinsa ba. A kakar 2015 zuwa 2016 ya jefa mai maki uku sau 402, Golden State Warriors ta ci wasa 73 cikin 82. Ga yadda abin yake a fili. Curry yana tafe da ƙwallo, abokin wasansa Draymond Green ya zo ya kafa masa shinge tun nesa da layi. Mai tsaron Green ba shi da damar ja da baya, domin taki ɗaya ya isa Curry ya saki. Dole su biyu su fito kansa. Shi kuma sai ya silala wa Green ƙwallon ta tsakaninsu, kafin ƙiftawa da bismilla Warriors su huɗu ne a kan masu tsaro uku. Tarkon da ya cinye wasu ya zama abincinsa. Kuma da ya ba da ƙwallon ba ya tsayawa, gudu yake yana zagaya shinge bayan shinge, masu tsaro na binsa a baya suna barin ƙofa a buɗe. Ko babu ƙwallo a hannunsa yana rikita tsaron abokan hamayya.

An daɗe ana masa gori cewa kofinsa na 2015 Andre Iguodala aka ba gwarzo, na 2017 da 2018 kuma Kevin Durant. A 2022 ya rufe bakin kowa. Boston Celtics na gaba da 2 da 1, ana buga ta huɗu a gidanta, Curry mai shekara 34 ya zuba maki 43, Warriors ta cinye ukun ƙarshe a jere, aka ba shi gwarzo babu gardama.

Akwai abu guda da ya haɗa waɗannan ƙungiyoyi, wanda masu ƙirga maki kan manta. Warriors ta 2015 ita ce kan gaba a tsaro a duk gasar, haka Thunder ta 2025. Billups yana da Ben Wallace da Rasheed Wallace a bayansa, Parker yana da Duncan. Ko Bob Cousy na Boston, kakan masu rabon ƙwallo, bai ga kofi ba sai da Bill Russell ya iso, daga 1957 suka ɗauki shida tare. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Wanda zai gina ƙungiya a kan gajere dole ya kewaye shi da dogaye masu rufe masa baya, da wani na biyu da zai iya yanke shawara idan an rufa wa jagora. A nahiyarmu ma an ga haka a Dakar a 2019, lokacin da D'Tigress ta Najeriya ta doke Senegal a gidanta ta ɗauki kofin Afirka na mata, kuma mai rabon ƙwallonta Ezinne Kalu ce gwarzuwar gasar.

Saboda haka ba na yarda a rage wa Stockton ko Nash ko Paul daraja don ba su ɗaga kofi ba. Dogo ma ba ya ci shi kaɗai, Karl Malone da Patrick Ewing da Charles Barkley shaida ne. Abin da ke gaskiya shi ne hanyar gajere ta fi ƙunci, kuskure kaɗan wajen haɗa masa abokai yana rusa komai, kuma ƙungiyar da ta ɗora masa kowane hari a ka, kamar yadda aka yi wa Iverson da Rose, ita ce ta fi sauƙin karantawa.

Isiah Thomas ya gane wannan da jikinsa. A kakar 1984 zuwa 1985 yana ba da ƙwallon ci kusan 14 a kowane wasa, yana cin maki sama da 21, amma Boston ta kori Detroit tun a zagaye na biyu. Sannu a hankali aka tara masa su Joe Dumars da Dennis Rodman da John Salley a kan Bill Laimbeer, koci Chuck Daly ya mai da tsaro ginshiƙin ƙungiyar, shi kuma Isiah ya yarda makinsa ya sauko zuwa 18. Shekara guda bayan daren ɗingishi, Pistons ta share Lakers 4 da nema, aka ba Dumars gwarzo, Isiah bai ce uffan ba sai murna. A 1990 da aka haɗu da Portland, lokacin da ƙungiyar ta buƙaci hannunsa, ya riƙa cin matsakaicin maki sama da 27 a karawa, ya ɗaga kofi na biyu tare da kambin gwarzo. Tsawonsa yana nan mita 1.85. Abin da ya sauya shi ne ya san lokacin da zai raba da lokacin da zai ɗauka, kuma wannan sanin shi ne ainihin aikin mai rabon ƙwallo.