Daga Maɓoyar Yaƙi Zuwa Gidan Tarihi

A Umuahia, babban birnin Jihar Abiya, akwai wata matakala da ke gangarawa cikin ƙasa kimanin mita 8, ta kai mutum wasu ɗakunan siminti marasa taga. Nan ce maɓoyar Ojukwu, jagoran Biyafara, ɓangaren da ya ɓalle a yaƙin basasar Najeriya. Abin da muke nufi da maɓoya a nan shi ne ginin da ake haƙa wa rami a binne shi, domin na ciki su tsira daga bama-baman jiragen sama. An gina ta ne bayan Inugu ta faɗa hannun sojojin tarayya a watan Oktoba na 1967, hedikwatar Biyafara ta koma Umuahia, inda ta zauna har Afrilun 1969.

Yau wannan maɓoya, da wata da gidan rediyon Muryar Biyafara ya yi aiki a cikinta, suna ƙarƙashin Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa, wanda aka kafa a 1985. A harabarsa an ajiye jirgin ruwan soja mai suna Bonny, da jiragen sama, da motoci masu sulke da aka ƙera a gida, da nakiyar nan da ake kira ogbunigwe.

Wasunmu kan tambaya: me ya sa za a adana abin da ke fama tsohon ciwo? Tambaya ce mai kyau. Amsar ita ce, labarin baki yakan sauya daga kaka zuwa jika, kowane ɓangare yana ƙara nasa gishirin, amma bango ba ya ƙara komai. Wanda ya sauka waccan matakala, ya ji nauyin iskar ciki, ya tuna cewa a saman kansa yunwa ta kashe yara masu ɗimbin yawa, da wuya ya fito yana ɗaukar yaƙi a matsayin abin burgewa. Kuma wannan tarihi namu ne mu ma. Daga 1967 zuwa Janairun 1970 samari da yawa daga Kano, Katsina, Sakkwato da Zariya sun tafi fagen yaƙin nan, wasu har yau iyalansu ba su san inda kabarinsu yake ba.

Sai dai ajiye makamai a fili bai isa ba. Tankar da ba bayani a jikinta ƙarfe ce kawai, yara su hau su ɗauki hoto. Abin da ke mayar da wuri wurin tunawa shi ne a faɗi wa ya gina, wa ya wahala, a kuma ba fararen hula na kowane ɓangare gurbinsu a labarin. A ganina nan ne muke da sauran aiki.

Wanda tafiya ta kai shi gabas, ko ɗan hidimar ƙasa da aka tura can, ya ware yini guda ya je. Malamai su kai hotunan wurin aji. Mu guji rubuta sunayenmu a bango, mu kuma fahimtar da masu jari-bola cewa ƙarfen irin waɗannan wurare ba na awo ba ne. Tsohon harsashi ko nakiya ma kan iya tashi bayan shekaru, don haka a sanar da hukuma, kada a taɓa.

A unguwanninmu kuma akwai 'yan mazan jiya da suka haura saba'in da biyar. Mu gaishe su, mu nemi izini, mu naɗi labarinsu a waya. Lambar girma, hoto ko wasiƙar da ke ƙasan akwatin tsoho, a sa ta a leda, a rubuta sunan mai ita da bataliyarsa.