'Ya'yan Hemf A Abincin Dawaki: Amfaninsu Da Tarnaƙin Doka

A Faransa da Kanada, inda doka ta halatta noman hemf, masu dawaki na ƙara 'ya'yansa a abincin dabbobinsu. Hemf ɗan uwan tabar wiwi ne, jinsinsu ɗaya, sai dai sinadarin THC mai bugarwa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari a jikinsa ba. Kada kuma a ɗauke shi da rama, wannan tsiro ne daban.

Darajar 'ya'yan tana cikin mansu. Kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙwayar mai ne, kimanin kashi 25 kuma sinadarin gina jiki, sitacinta ƙalilan ne. Wannan ƙarancin sitaci shi ne abin lura. Tumbin doki ƙarami ne, an halicce shi don cin ciyawa kaɗan-kaɗan duk yini. Idan aka cika masa hatsi a lokaci guda, sitacin da bai narke ba yakan gangara babban hanji ya yi tsami, daga nan ciwon ciki ke tasowa, wani lokaci har da kumburin cikin kofato mai gurgunta doki. Mai kuwa yana ba da kuzari fiye da ninki biyu na sitaci, ba tare da wannan haɗari ba. Don haka dokin sukuwa ko ramamme zai iya samun ƙarfi ba tare da an ƙara masa mudun hatsi ba.

Man na ɗauke da sinadaran omega-6 da omega-3, kusan uku bisa ɗaya. Ɗanyar ciyawa na da wadatar omega-3, hatsi kuma ba shi da ita sosai, shi ya sa dokin da ke ɗaure a barga kan rasa ta. Fata da gashi ne ke fara nuna bambancin.

Sai dai doki ba shi da matsarmama, dole a riƙa ƙara masa mai sannu a hankali. Kuma waken suya ya fi hemf sinadarin laisin da ɗan doki ke buƙata wajen girma.

Babban cikas shi ne doka. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta hana sinadaran wiwi a jikin dokin gasa, kuma ɓurɓushin ganye da ya manne wa ƙwaya na iya fitowa a gwaji. A Najeriya, dokar tabar wiwi ta 1966 ba ta bambanta hemf da wiwi ba, ta haɗa kowane sashe na tsiron. Ɗan kasuwar da ya shigo da buhun 'ya'yan don dawakin ƙwallo a Kaduna ko na hawan sallah a Kano, hukumar NDLEA zai fuskanta. Wanda ke neman wannan amfani ta halastacciyar hanya zai samu mafi yawansa a ɗan man waken suya da aka zuba kan dusa, tare da isasshiyar harawa.